Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limaman Tahoua masu ɗaura aure, kan takardar awon jini

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu limamai da na'ibai, da duk wanda ake shimfiɗa wa buzu a gaban waliyyai ranar ɗaurin aure a birnin Tahoua da garuruwan Adar, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta. Na san ba tarbiyyarmu ba ce yarinya ta buɗe baki a majalisar malamai, shi ya sa na zaɓi rubutu. Sana'ata awon jini ce, kuma takardar da zan yi magana a kanta ta hannun irinmu take bi kafin ta iso naku.

Wasu daga cikinku sun fara tambayar takardar awon emasi, ciwon nan na amosanin jini da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sikila, kafin su ɗaura aure. Ba abin mamaki ba ne. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta awon lafiya kafin aure, har da na emasi, kuma abin da aka yi a Kano ba ya daɗewa bai ƙetaro Konni ba. Niyyar mai kyau ce, ina tare da ku a kanta. Tsorona shi ne abin da takardar nan za ta zama idan ta bar ɗakin awo ta faɗa bakin gari. Ku ne kuke da ƙarfin tsare ta, don likita ba ya zuwa wurin ɗaurin aure sai dai cin goro.

Ga abin da haruffan da ke kan takardar suke nufi. Kowane mutum yana gadon jininsa ta ɓangare biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji A ta kowane ɓangare shi ne AA. Wanda ya gaji S ta ɓangare ɗaya shi ne AS, kuma ba majinyaci ba ne: yana noma, yana kokawa, yana tsufa kamar kowa, galibi har ya koma ga Allah bai san yana ɗauke da komai ba. Mai ciwon shi ne wanda ya haɗa S biyu, wato SS, ko ya haɗa S da wani harafi da ake ce wa C, wanda ya yi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, mu ma kuma muna ganinsa a nan. Idan AS ya auri AS, ku ɗauka goro huɗu ne a ƙwarya, uku farare ɗaya ja. Kowane ciki sai a rufe ido a sa hannu a zaro ɗaya, sannan a mayar da shi cikin ƙwaryar kafin ciki na gaba. Shi ya sa za ku ga gida mai 'ya'ya shida babu mai ciwon ko ɗaya, ku ga wani gidan uku a jere duk sun zaro ja. Masu cewa “mun riga mun haifi mai ciwon, sauran ukun da za su zo lafiyayyu ne” lissafinsu ya karye tun daga tushe.

Ba na raina ciwon nan, kada a fahimce ni a baibai. Jariri ɗan wata bakwai ko takwas za a kawo, yatsun hannunsa da na ƙafarsa sun kumbura sun yi sumul, ko zanen goyo ya goge su sai ya ƙwala ƙara. In ya girma kaɗan, hunturu na shigowa ciwon ya koma ƙashi. Za ku tarar da uwa zaune a bakin gado ta ɗaure masa ƙauri da ɗankwalinta tana dannawa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, uban kuma yana tsaye a ƙofar asibiti tsakar dare yana bin 'yan uwa a waya ɗaya bayan ɗaya, wa zai zo ya ba da jini. Ƙwayoyin jinin yaron ne suke lanƙwashewa su ɗauki siffar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon kwana 120 da lafiyayyar ƙwaya ke yi, su cikin kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin matan da kakanninmu suka kira masu wabi, aka raɗa wa 'ya'yansu Ajuji da Ayashe, wannan ne ya cinye musu 'ya'ya, aka bar wata tsohuwa a unguwa da zargin maita.

Saboda haka a yi awon. Masu cewa shiga hurumin Allah ne, kun fi ni sanin amsar da Sayyidina Umar ya ba Abu Ubaida lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, cewa daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar da aka nema saura kwana uku a ɗaura, bayan an karɓi na-gani-ina-so, an sa rana, an kai akwati, an raba goron gayyata, dangi sun fara sauka daga Maraɗi da Agadas, ba ta hana komai sai barci. Saudiyya ta wajabta irin wannan awo tun 2004, kuma a shekarun farko kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya wa cewa jininsu bai dace ba sun ci gaba da aurensu, saboda sakamakon ya zo bayan an gama komai. Haruffan mutum ba sa canzawa daga haihuwa har mutuwa. Sau ɗaya ake awon, in an yi shi da kyau. Babu dalilin jira sai zuciya ta kamu. Abin da ya dace ya fito daga bakinku, a huɗuba da wurin suna da makarantun allo da na Islamiyya, shi ne kowane yaro ya san haruffansa tun kafin ya san hanyar zance.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. An ba ni labarin wani ɗaurin aure a ƙofar masallaci, mutane sun cika tabarmi, maroƙi na tsaye, aka miƙa wa mai ɗaurawa takardu biyu. Ya ɗaga ta farko ya karkata ta wajen haske, ya ce da ƙarfi, “To, ita yarinyar dai AS ce.” Angon AA ne, babu wata matsala ko ta ƙwayar zarra, aka kuma ɗaura. Amma kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa gidan su wance jininsu ba kyau. Yarinyar tana da ƙanne mata. Ku ƙiyasta da kanku abin da aka yi musu a wannan hantsin.

AS ba aibi ba ne, kuma akwai dalilin da ya sa ya yi yawa a cikinmu. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa duk inda masassarar cizon sauro ta yi katutu, nan harafin S yake da yawa, saboda yaro mai AS yana da kariya daga masassara mai tsanani, wadda bincike na baya ya nuna ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Kakannin da suka ɗauki harafin nan su ne suka fi tsallake damina suna raye har suka haife mu. Shi ya sa a ƙasashen Afirka ta Yamma irin su Najeriya da Gana ake samunsa a jikin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na jama'a. Ku duba sahun farko na masallacinku ranar Juma'a, da wuya a rasa shi a ciki, kuma ba mamaki har da mai jan sallar.

Akwai ƙasar da ta riga mu shiga wannan rami, ya kamata mu leƙa mu ga yadda ta fito. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya fara bayyana ciwon a rubuce, daga jinin wani ɗalibi baƙar fata ɗan tsibirin Giranada. Daga nan likitocin Amurka suka yi shekaru suna ɗaukarsa ciwon baƙaƙe, har in suka gan shi a jikin Bature sai su hau binciken ko akwai baƙi a cikin kakanninsa. A farkon shekarun 1970 jihohi da dama suka kafa dokar tilasta awon, a kan baƙaƙe kawai, wasu wajen shiga makaranta, wasu wajen neman takardar aure. Aka cakuɗa mai AS da mai SS. Lafiyayyun mutane suka rasa aiki, kamfanonin inshora suka ƙara musu kuɗi, makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙi karɓar masu AS sai a 1981. Linus Pauling, masanin da ya gano a 1949 cewa matsalar a cikin sinadarin jan jini take, mutumin da ya ci lambar Nobel har sau biyu, ya kai ga ba da shawara a 1968 a yi wa masu ɗauke da harafin tambari a goshi don su gane juna kada su yi soyayya. Ilimi bai hana shi wannan ɓaranɓarama ba. Alhali harafin S bai san launin fata ba, sauro yake bi. Yana nan a tsakiyar Indiya, yana nan a Ƙaɗif da Ahsa'u a gabashin Saudiyya, yana nan a Girka da Sisili, ga kuma baƙaƙen Afirka ta Kudu da mutanen tsaunukan Habasha da ba su cika samunsa ba.

Za ku ce mu ai duk baƙaƙe ne, ina ruwanmu da wariyar Amurka. Allah ya gafarta malam, muna da tamu. A ƙasar nan har gobe ana fasa aure don an binciko kakan yaro maƙeri ne, ko mahauci, ko an ce asalinsu bayi ne. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati, 'yar wannan jiha tamu da aka sayar tana da shekara 12, wadda har kurkuku ta shiga don ta auri wanda take so bayan an 'yanta ta. Al'ummar da ta saba auna mutane da jini, in aka miƙa mata takarda mai hatimin likita da ke magana a kan jini, ba sai an koya mata yadda za ta yi da ita ba. Ni da nake zaune gaban na'urar ina ganin S a jinin Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare, a gidan sarauta da gidan talaka, kuma ban taɓa ganin takarda ta fito da asalin kowa ba. Ayar Hujurati da ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, ku kuka karantar da mu ita.

Mafita tana nan, an kuma gwada ta. A tsibirin Kubrus, inda wani ciwon jini na gado mai suna talasemiya ya addabe su, tun 1983 cocinsu ba ya ɗaura aure sai an kawo shaida. Amma shaidar ba ta ɗauke da sakamako. Abin da take faɗa kawai shi ne an auna waɗannan biyun, an kuma zaunar da su an yi musu bayani. Su can sun haɗa da awon ɗan tayi da zubar da ciki, wanda addininmu ke da magana a kansa, ba shi nake kawo muku ba. Tsarin takardar nake kawowa. Liman ya ga shaidar an yi awo, haruffan su tsaya tsakanin yaro da yarinya da likita, sai wanda su da kansu suka ga dama suka gaya wa.

Sai maganar mata, kuma a nan ina roƙon ku saurare ni da kyau, don ƙarar tana zuwa zaurukanku. Mutum ne AS, uwargidansa AS, sun haifi masu ciwo biyu. Ya ƙaro amarya, Allah ya sa ita AA ce, ta haifi huɗu garau. Shi ke nan, hujja ta tsaya a idon dangi. Uwar miji ta ce ai ga shi nan, a ɗakin wance ciwon yake, daga gidansu ta kwaso shi. Kuɗin magani ya fara yi wa maigida nauyi, daga nan sai yaji, daga yaji sai saki, ta koma gidan ubanta da yara biyu marasa lafiya. Alhali babu yaron da ke zama SS sai uwa ta ba da S uba ma ya ba da S. Rabin ciwon nan na maigida ne, kuma cikin 'ya'yan amaryar da ake yabo, kowanne yana iya kasancewa ya gaji S ɗin ubansa. Duk ranar da irin wannan magana ta zo gabanku, kafin a ce komai a kan matar, ku tura mijin awo. Haka nan auren zumunci: yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu idan harafin yana cikin dangi, gaskiya ne, amma da yawan da yake da shi a cikinmu, auren bare ma bai tsira ba, don haka babu amfanin ɗora wa kakanni laifi.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari. Wata rana za a zo muku da yaro mai SS da takardar uba mai cewa AA, ana raɗe-raɗin ɗan ba nasa ba ne. Don Allah kada a yanke wa mace hukunci da wannan. Awo iri-iri ne. Wanda aka fi samu a ƙananan wurare, gwajin Emmel, iyakarsa ya ce akwai S ko babu, ba ya bambanta AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda ake dogara da shi shi ne elektroforez. Shi ma in an yi wa mutum ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani za a auna a jikinsa. Akwai kuma uban da takardarsa ke nuna AA amma yana ɗauke da talasemiya a ɓoye, in ta haɗu da S ɗin uwa sai yaro ya fito tamkar SS. Ban da kwalabe da kan sauya, da hannun ɗan Adam da kan yi kuskure wajen rubutu. Shari'a ta ce ɗa na mai shimfiɗa ne, ta kuma tsaurara a kan ƙazafi, kuma ta yi daidai ko a ma'aunin ɗakin awo.

To idan AS biyu suka san komai, suka ce sun ji sun gani? Ƙanwata ce, zan zaunar da ita in gaya mata ta haƙura, in kai ta ta kwana ɗaya a ɗakin yara masu ciwon kafin ta ba ni amsa. Amma shawara daban, haramtawa daban. Ba fatawa na zo yi ba, wane ni. Na dai san aibobin da Risala ta lissafa waɗanda ake mayar da aure saboda su huɗu ne, hauka da kuturta da albaras da ciwon farji, kuma mai AS ba shi da ciwon komai. In kuka ƙi ɗaurawa, za su hau mota su je ƙauyen da ba a tambaya. Ko kuma takardar ta zama haja, a riƙa sayen AA a bayan asibiti da jaka biyu ko uku, mu rasa ma gaskiyar da muke da ita yanzu. Masu SS kuwa da Allah ya raya, kada a rufe musu ƙofar aure. SS da ya auri AA ba ya haifar SS, 'ya'yansu duka AS za su zama.

Su ma waɗanda aka riga aka haifa suna da haƙƙi a kanku, don duk maganar awon aure ba ta rage musu zafin dare ɗaya. Tun 1986 bincike ya nuna cewa ba jariri mai SS fenisilin kullum yana rage mugun ciwon ƙwayoyin cuta da ke kashe su da ƙuruciya da kashi 84 cikin 100. Ga allurar rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da rigar sanyi cikin hunturu. Akwai magani mai suna hidroksiyuriya da aka gwada a kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna yana rage tashin ciwon da ƙarin jini da mutuwa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado ta majinyaci, kuɗinsa dalar Amurka miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, sama da miliyar ɗaya ta sefa, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da ciwon a Afirka suke. Wannan ba namu ba ne tukuna. Namu shi ne cibiyar ƙasa ta masu emasi tana Yamai, sama da kilomita 500 daga nan, kuma uwar da ke Bouza ko Keita sai ta sayar da akuya kafin ta ga ƙofarta. Cikin zakkar da attajirai ke kawo muku ku raba, a tuna da kuɗin motar irin waɗannan.

Ranar 19 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa wannan ciwo, kuma tana faɗowa a bakin damina, lokacin da masassara ke shirin tashi, jini ya yi wuya a asibiti. Ina roƙon Juma'ar da ta fi kusa da ita ku yi huɗuba a kai, ku faɗa da bakinku cewa AS ba ciwo ba ne, ciwon kuma ba daga uwa kaɗai yake zuwa ba, sannan ku ce wa samari majiya ƙarfi su tsaya bayan sallama su ba da jini. In kun sanar da hukumar lafiya ta jiha da wuri, masu ɗibar jini za su iya shirya zuwa da kayan aikinsu har harabar masallaci.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana. Wassalamu alaikum.

'Yarku,
wata ma'aikaciyar ɗakin awon jini, Tahoua